Harshen Mai Ƙarfi: Me Ke Hana Ba'amurke Jin Larabci?

Gabatarwa

A shekarar 2006, bayan sojojin Amurka sun shafe shekara uku a ƙasar Iraƙi, wani kwamiti da James Baker da Lee Hamilton suka jagoranta ya fitar da rahoto game da yadda yaƙin ke tafiya. A cikin rahoton akwai wani bayani da ya isa ya tsayar da duk mai hankali. A ofishin jakadancin Amurka da ke Bagadaza, wanda ke da ma'aikata kimanin 1,000, mutum 33 ne kawai ke jin Larabci, a cikinsu kuwa 6 ne kacal suka naƙalce shi sosai. Ga ƙasa mai idon hango mutum daga sararin samaniya, amma ba ta da kunnen jin abin da mutumin ke faɗa in ta sauko ƙasa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dalilin haka. Shin matsalar daga harshen take, ko daga ƙwaƙwalwa, ko kuwa daga zuciya? Sannan shin aibi ne mutum ya rayu har ya mutu bai taɓa wahalar da kansa wajen jin maganar waninsa ba?

Uzurin Wuyar Larabci

Adalci ne mu fara da uzurin da Ba'amurke zai kawo, domin uzuri ne mai ƙarfi. Cibiyar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta karkasa harsuna gwargwadon wuyarsu ga wanda ya tashi da Ingilishi. Faransanci da Sifaniyanci kan ci makonni 24 zuwa 30. Larabci kuwa, tare da Sinanci da Jafananci da harshen Koriya, kan ci makonni 88, wato kimanin sa'o'i 2,200 na zaman aji.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Rubutun daga dama yake farawa, kuma galibi ba a sa wasulla, sai mai karatu ya san kalmar kafin ya iya furta ta daidai. Akwai sautuka irin su ainun da ƙafun da ladun waɗanda maƙogwaron mai Ingilishi bai saba da su ba. Ginin kalma ya ta'allaƙa ne a kan saiwa mai baƙaƙe uku, kamar yadda k-t-b ta haifi kitab da katib da maktab. Wanda ya fi duka ɗaure kai shi ne, Larabcin littafi daban, na kasuwa daban. Ɗalibi zai shekara biyu yana fama da fusha, ya sauka Alƙahira ko Kasabalanka, ya tarar direban tasi na wata magana da bai taɓa gani a littafi ba.

Mu Hausawa ba ma jin nauyin wannan kaya kamar yadda shi yake ji, saboda an daɗe ana ɗauke mana rabinsa. Littafi, alƙalami, alƙali, lokaci, duniya, hankali, duk aro ne daga Larabci. Hatta karyayyen jam'i ba baƙo ba ne ga wanda ke cewa birni da birane, gulbi da gulabe.

Sai dai wuya ba ta isa zama cikakkiyar amsa ba. Nisan da ke tsakanin Ingilishi da Larabci shi ne dai nisan da ke tsakanin Larabci da Ingilishi, amma miliyoyin Larabawa sun ƙetare shi. Haka kuma Ba'amurke ba kasasshe ba ne in ya sa kansa. Duk ɗalibin Hausa ya san Paul Newman, wanda ya zo Nijeriya yana matashi ɗan sa-kai a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa babban littafin nahawun Hausa a 2000. Ashe ke nan ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. Dole mu nemi cutar a wani wuri.

Harsunan da Aka Binne

Abin mamaki shi ne, Amurka ba ta taɓa talaucin harsuna ba. Ta tarar da ɗaruruwan harsunan 'yan asalin ƙasa, jiragen ruwa kuma suka kawo mata wasu. Larabci kansa ya daɗe da shiga ƙasar, a cikin ƙirazan bayi. Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro wanda aka bautar a jihar Karolina ta Arewa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, alhali yawancin mutanen da ke kewaye da shi ba za su iya karanta layi ɗaya na abin da ya rubuta ba.

To ina waɗannan harsuna suka tafi? Wasu da gangan aka binne su. Tun daga 1879, lokacin da aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle, an riƙa raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasa da iyayensu, ana hukunta su in sun yi magana da harshen gida. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya guguwar ta juya kan Jamusanci. A 1918 gwamnan jihar Iowa, William Harding, ya haramta amfani da kowane baƙon harshe a makaranta da majami'a, har ma a wayar tarho. A 1920 aka gurfanar da wani malami mai suna Robert Meyer a jihar Nebraska, aka ci shi tarar dala 25, saboda ya karanta wa yaro ɗan shekara goma labarin Baibul da Jamusanci. Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1923, amma aikin gama ya riga ya gama. A 1915 kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban sakandare na koyon Jamusanci, a 1922 kuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Darasin da ɗan ƙasa ya ɗauka shi ne, harshe na biyu alamar rabuwar zuciya ce. Har yanzu kimanin mutum ɗaya cikin biyar a Amurka na magana da wani harshe a gida, amma abin da aka saba gani shi ne, kaka na jin harshen asali, uba na jin biyu, jika kuwa Ingilishi zalla. Makaranta ma ba ta cike giɓin. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna a 2018 cewa kimanin kashi 20 cikin 100 ne na 'yan makarantar Amurka ke koyon baƙon harshe, alhali a yawancin ƙasashen Turai adadin ya haura kashi 90. Masu koyon ma sau da yawa sai sun balaga ake fara musu, ga shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Koyo Don Tsoro

Idan aka lura, Amurka kan tuna da harsuna ne ranar da ta razana. A Yaƙin Duniya na Biyu, harshen Nabaho da aka doki yara a kansa shi ne ya zama asirin aika saƙon soja. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, sai ga dokar 1958 ta ware kuɗi don koyar da kimiyya da harsuna, da sunan tsaron ƙasa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai aka yi rububin Larabci. Masu karanta shi a jami'o'i sun tashi daga kimanin 5,500 a 1998 zuwa sama da 10,000 a 2002, suka kai kusan 35,000 a 2009, daga nan adadin ya fara ja da baya.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Harshen da ke buƙatar shekaru ba ya samuwa da dokar gaggawa. Bugu da ƙari, akwai bambanci tsakanin mai koyon harshe don ya tsegunta abin da maƙwabci ke ƙullawa, da mai koyo don ya zauna a tabarmar maƙwabci. Na farko kalmomi yake tarawa kamar harsasai, da zarar tsoro ya gushe sai himma ta gushe. Na biyu kuwa kullum yana da dalilin dawowa, domin ya sami aboki a can.

Durƙusa wa Wada

A nan ne nake ganin gindin maganar yake. Koyon harshe komawa ƙuruciya ne. Dattijo mai furfura zai buɗe baki ya yi kuskuren da yaro ɗan shekara huɗu ba zai yi ba, a yi masa dariya, ya haɗiye, ya sake gwadawa. Mai buƙata kan jure wannan domin cikinsa na can. Mai ƙarfi fa? Duk inda Ba'amurke ya sauka, a filin jirgi ko a otal ko a intanet, an riga an durƙusa masa da harshensa. Ba a taɓa tilasta masa ya zama ƙaramin yaro a gaban kowa ba, kuma ƙarfin nasa ne ya hana shi abin da raunin wasu ya ba su.

Ana iya cewa, to mene ne laifinsa, tunda ga tafinta, ga kuma na'urar fassara a aljihu? Amsa ita ce, rashin sani ba laifi ba ne ga manomin da ke zaune a gonarsa bai taɓa kowa ba. Amma nauyin sauraro yana ƙaruwa gwargwadon tsawon hannun mutum. Wanda ke yanke hukunci a kan rayuwar wasu, ya tura soja ƙofar gidansu, ya tsara musu mulki, wajibinsa ne ya ji su da bakinsu. Tafinta na iya isar da ma'ana, amma ba zai ɗauke wa mutum wannan haƙƙi ba. Mai jin mutane ta bakin wani kaɗai, abin da aka ga dama shi zai ji. Durƙusa wa wada kuwa, an ce ba gajiyawa ba ne.

Laifi Tudu Ne

Kafin mai karatu ya gama yi wa Ba'amurke dariya, ya dubi tudun da shi kansa yake tsaye a kai. A Arewacin Nijeriya, Hausa ce mai ƙarfi. Ɗan Angas da Batangale da Babur da Banufe duk sukan yi ciniki da mu da harshenmu. Mu nawa ne za mu iya mayar musu da gaisuwar safe da nasu? Har ma in mutum ya yi ƙoƙari ya karya Hausa, sai mu ce yana gwaranci, wato mun ɗauki sunan al'umma guda mun laƙa wa kuskure, alhali shi mai harshe biyu ne, mu kuwa ɗaya. Amma wannan Bahaushen dai, in fatauci ya kai shi Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi, ba ya daɗewa yake jin Yarbanci ko Asante. Mutumin bai sake ba, matsayinsa ne ya sake. Mu da ke karatu nesa da gida mun ga wannan da idonmu.

Kammalawa

Larabci na da wuya ga Ba'amurke, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi nahawu tsaya masa a wuya shi ne tarihin da ya koya masa zargin baƙon harshe, da ƙarfin da ya ɗauke masa buƙatarsa, da tsoron da ya zama babban dalilinsa na nema. Cuta ce ta duk wanda duniya ta saba zuwa gare shi, ko a Washinton yake ko a Kano. Saboda haka ina kira ga ɗan'uwana ɗalibi, kafin ya karɓi takardar shaidarsa ya bar garin nan, ya nemi mai sayar masa da abinci ko abokin ɗakinsa, ya ce a koya masa gaisuwa da godiya da ban-haƙuri. Za a yi masa dariya a rana ta farko. Ya daure, ya koma a rana ta biyu.