WAI BA A YI KOMAI BA, MACE TA HAIFI MACE?



Shekaranjiya bayan sallar isha'i wata baiwar Allah ta turo mini saƙo, na karanta, barci ya ƙi zuwa. Ta ce: "Malam, na haihu kwana huɗu ke nan, mace ce, ita ce ta biyar. Maigida bai leƙo ɗakin ba tun da aka faɗa masa. Surukata ta ce na cika musu gida da mata, gara ya nemo mai haihuwar maza. Malam, laifina ne?"

Na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa zan amsa mata a nan, bisa izininta. 'Yar'uwa, wallahi ba laifinki ba ne. Kai kuma maigida, zauna mu yi magana ta ilimi.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar ƙwayar akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da gadon kamanni: launin fata, tsawo, rukunin jini da sauransu. Adadinsu 46 ne, a jere biyu-biyu, wato tagwaye 23. Guda 23 daga uwa, guda 23 daga uba. Ko wannan adadin ma sai a 1956 aka tabbatar da shi, lokacin da Joe Hin Tjio, haifaffen tsibirin Jaba na Indonesiya, da Albert Levan suka ƙirga su a birnin Lund na ƙasar Suwidin. Kafin nan masana sun shafe kusan shekara talatin suna rubuta 48 a littattafansu. Dubi ƙarancin ilimin ɗan Adam, abin da ke jikinsa ma sai da ya yi kuskuren ƙirgawa!

Yau idan likita yana son ganinsu, sai ya ɗebi jini, a raini fararen ƙwayoyin jinin na 'yan kwanaki, a rina su, a ɗauki hoto, a jera zarurrukan daga manya zuwa ƙanana. Wannan jerin shi ake kira kariyotaif. Tagwaye 22 na farko, da ake kira otosom, iri ɗaya ne a jikin namiji da mace. Na 23 ne ke rarrabewa: mace tana da X da X, namiji yana da X da Y.

To, ku natsu a nan. Ƙwan mace rabin adadin yake ɗauka, kuma tunda X biyu gare ta, ko yaushe X take bayarwa. Ba ta da wani abin da za ta bayar bayan shi. Shi kuwa namiji, ƙwayoyin maniyyinsa miliyoyi ne, kusan rabi masu X, rabi masu Y. Idan mai X ya riga shiga ƙwan, mace za a haifa. Idan mai Y ne, namiji. A kan Y ɗin akwai wani ɗan guntun umarni da aka gano a 1990, ana ce masa SRY, shi ne ke juya halittar ɗan tayi zuwa namiji wajen mako na bakwai. Tun 1905 wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta fara gano wannan tsari a jikin wani ƙwaro.

Ka ji ko, maigida? Abin da ya raba mace da namiji daga wajenka ya fito. Ka shuka gero, ka zo kana yi wa gona faɗa don ba ta ba ka dawa ba?

Sai dai ku mata, kada ku ɗauki wannan rubutu ku mai da shi makamin gori. Shi ma mijin ba shi ya zaɓa ba. Ba ya ganin ƙwayoyin, ba ya iya tura wannan ya tsare wancan. Sababi ne kawai ya biyo ta jikinsa, Mai zaɓi shi ne Allah. Ku buɗe Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50. Allah Ya kasa mutane gida huɗu: wanda aka ba 'ya'ya mata, wanda aka ba maza, wanda aka haɗa wa duka, da wanda ba a ba haihuwa ba. Ya kira abin kyauta, kuma mata Ya fara ambata. Yaushe aka fara yi wa ɗan aike faɗa a kan kyautar da aka aiko shi da ita?

Wani zai ce, Malam, biyar fa a jere! E, biyar. Kowane ciki lissafinsa daban, kamar ka jefa kwabo sama, ba ruwan jifan yau da na jiya. A lissafi, cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar, za ka tsammaci kusan gida ɗaya ya zama duk mata ne, ɗaya kuma duk maza. Ba asiri ba ne, ba baki ba ne, ba kishiya ba ce. Mai sayar muku da ƙullin maganin haihuwar namiji kuwa, kuɗinku yake ci. Idan aka dace ya ce aikinsa ne, idan ba a dace ba ya ce an karya sharaɗi. Idan boka ne, har imaninku yake taɓawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Suratun Nahl, aya ta 58 da ta 59. Can Allah Ya siffanta mutumin jahiliyya da aka yi wa albishir da 'ya mace, ransa ya ɓaci, ya dinga ɓuya daga jama'a don kunya. Ɗan'uwa, kai da ka ƙi leƙa ɗakin maijego, ka auna kanka da wannan siffa. Kana sallah biyar, amma fuskar wa ka ara?

Kuma wa ya fi Manzon Allah (SAW) daraja? 'Ya'yansa maza, Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim, duk suna ƙanana suka rasu. Waɗanda suka girma mata ne: Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Faɗima, Allah Ya yarda da su. Zuriyarsa da ta wanzu har yau ta tsatson Nana Faɗima ta biyo. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya ɗauki nauyin 'ya'ya mata biyu har suka balaga zai kasance dab da Annabi ranar ƙiyama, kamar kusancin yatsu. Kai an ba ka biyar, kana ɗaure fuska!

Suna ya matso. Ka tashi ka shiga ɗakin nan, ka yi mata barka da sannu, ka ɗauki 'yarka ka yi mata addu'a. Ka nemo rago kamar yadda ka yi wa ta fari, ka zaɓa mata suna mai kyau. Hajiya kuma ka same ta cikin ladabi, ka durƙusa ka yi mata bayanin nan da taushin murya, uwa ce, kuma ita ma 'ya mace ce da wani ya raina. Son ɗa namiji ba haramun ba ne, Annabi Zakariyya (AS) ma ya roƙi magaji. Ka roƙa wajen Mai bayarwa, ka sakar wa baiwar Allah mara.

Wannan karin maganar da na sa a sama, mu daina faɗarta ko da wasa. Wata tara na ciki da naƙuda, a ce ba a yi komai ba?

Allah Ya raya mana 'ya'yanmu mata da maza bisa Sunnah, Ya ba masu nema, Ya sanyaya zuciyar wannan baiwa tasa. Wanda ya san gidan da ake irin wannan rigima, ya tura musu. Wallahu a'alam.