Mai Ceto Ma Yana da Iyali

A watan Oktoban 2024 jirgin ruwa ɗauke da masu halartar Mauludi ya kife da dare a kogin Neja kusa da Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa. Mutanen gari masu iya ruwa ne suka faɗa cikin duhu, aka tsamo kusan mutum 150 da rai.

Nan Fadikpe mun yaba musu, amma akwai tambayar da muke kauce wa: wanda ya bar mata da 'ya'ya a gida, ya dace ya jefa ransa cikin haɗari saboda baƙo? Ai iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa.

Mu dai a ganinmu ya dace, in har ya iya ruwa. Wanda bai iya ba ya kawo igiya ko fitila, kada a ƙara gawa. To in ya shiga bai fito ba fa? Nan nauyin ya dawo kanmu. Unguwar da ta ce "Allah ya ji ƙansa" ta watse, ta bar marayunsa ba abinci ba kuɗin makaranta, ta ci amanarsa. Mu da muka zo Minna baƙi aka karɓe mu, bai kamata sai an tuna mana wannan ba.