Rufin asiri mai wa'adi

Bahaushe na yabon mai rufa wa ɗan'uwansa asiri, yana ƙyamar mai tonawa. To amma idan aibin yana jikin kayan da miliyoyin mutane suka dogara da shi, galibinsu ba su ma san sunansa ba, shin rufewar tana nan a matsayinta na mutunci?

Tambayar ta taso a aikace a shekarar 2014. Bash manhaja ce da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta, ta isar wa kwamfuta. Brian Fox ne ya rubuta ta, ta fito a 1989, ta kuma bazu cikin na'urorin da ke riƙe da intanet. A watan Satumba Stéphane Chazelas ya gano cewa baƙo daga nesa na iya maƙala umarninsa a wutsiyar saƙo, Bash ta zartar ba tambaya. Shekara 25 ke nan aibin yana kwance.

Chazelas bai yi shela ba. Ranar 12 ga wata ya sanar da Chet Ramey, mai kula da manhajar, aka kama baki har ranar 24, sannan aka fitar da labari tare da faci. Da wuya a zargi wannan shirun, domin yana da wa'adi, kuma waɗanda aka ɓoye wa su aka yi wa gata, don kada ɓarawo ya riga mai gyara isa ƙofa.

Sai dai facin da aka ɗinka a ɗaki, idanu kaɗan suka duba shi. Da fitowarsa Tavis Ormandy ya nuna bai toshe kafar duka ba. Florian Weimer ya tono wasu aibobin a yadda Bash ke sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta: tana ware gurbi ƙayyadadde, ba ta duba ko abin da aka zuba ya fi ƙarfinsa, sai ya malala cikin gurbin da ba nasa ba. Ba don asiri ya tonu ba, da waɗannan ma sun ci gaba da barci.

Tonon kuwa bai zo kyauta ba. Cikin sa'o'i kaɗan maharan intanet suka shiga laluben na'urorin da ba a gyara ba. Manyan kamfanoni sun yi faci cikin kwanaki. Masu tsoffin na'urorin da maƙeransu suka daina waiwaya, su aka bari ƙofa a buɗe, bayan an sanar da duniya inda take.