Wat Arba'in da Biyar

Karatu: Markus 2:21-22

Da asuba, kafin yara su tashi, nakan kunna tsohuwar rediyon da babana ya bari, Pioneer SX-780, ƙirar 1978. In ka kunna ta sai ta yi ɗan jim, ka ji ƙas a cikinta, sannan murya ta fito, allurai biyu su soma rawa a bayan gilashi.

Bara ta kama gurnani, na kai ta wurin wani dattijo mai gyara. Da ya buɗe ta sai kwaɗayi ya taso mini. Na ce, "Baba, tunda an riga an buɗe, a zuba mata manyan kaya mana, ƙarfinta ya ninka."

Bai tanka ba sai da ya ciro wata kafasita da ta kumbura, gindinta duk ya yi tsatsa, ya ɗora mini a tafin hannu. "Ɗana, wannan ruwanta ya ƙafe, dole a canza ta, kuma za ka ji bambanci. Amma in na sa wadda ta fi ta girma nesa, da zarar ka kunna za ta zuƙi wuta da yawa, fis ya tsinke ko diyod su ƙone." Ya ƙwanƙwasa taransifoma da bakin sukudireba. "Wannan ce ta yanke iyaka, ita da ƙarfen da ke sanyaya injin. Wat 45 kowane gefe aka yi ta, a nan za ta tsaya." Ya kuma ce in yi wa wasu kaya biyu a cikinta masu suna STK-0050 addu'a, don Sanyo ta daɗe da daina yin su, na kasuwa kuwa jabu sun yi yawa.

Na dawo gida raina a ɗan ɓace, ban ɓoye ba.

Yesu ya yi misali da tsohuwar riga da aka yi wa faci da sabon ƙyalle, da tsohuwar salka da aka ɗura wa sabon ruwan inabi. A duka biyun sabon abin ba shi da laifi, ɗaukarsa ce tsohon bai iya ba. Maganar ta fi ƙarfin rediyo, na sani, amma a teburin dattijon nan ta kama ni. Sau nawa na durƙusa ina roƙon muryar wani, baiwar wani, nauyin da aka ɗora wa wani, ban taɓa tambayar ko abin da ke cikina zai jure ba? Bushewar da ke sa ni gurnani a gida da wurin aiki kuwa, ita ban cika kawo ta gaban Allah ba.

Ya Ubangiji, kai ka yi ni, kai ka san awona. Ka taɓa wuraren da suka ƙafe a cikina yau. Abin da zai ƙone ni, ko na nace da kuka, kada ka ba ni. A cikin sunan Yesu, amin.