IN BAR ƊANA YA KWANA A SANSANI KO IN HANA SHI?



Yau ba tambayar wani zan amsa ba, tawa ce. Kwanakin baya matasan masallacin unguwarmu a nan Kakuri suka shirya wa ƙananan yara, 'yan shekara shida zuwa goma sha ɗaya, kwanan sansani na ƙarshen mako, abin da 'yan agaji ke kira kampin. Za a shiga ranar Juma'a bayan la'asar, a fito Lahadi da hantsi, a harabar wata makaranta mai katanga a Barnawa. Ɗana mai shekara takwas ya kawo mini takardar neman izini hannunsa har rawa yake don murna. Na karanta, na ninke, na ce masa ba za shi ba.

Da daddare mahaifiyarsa ta ce da ni, "Malam, kai da kake wa mutane wa'azin tawakkali kullum?" Na ce mata tawakkali daban, ganganci daban. Ta yi shiru. Amma wallahi maganar ta hana ni barci, domin ban tabbata wanne ne a cikin biyun nake gudu ba.

Bari in fara da kare kaina, don tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ke zaune a kudancin kogin Kaduna ya san abin da ya faru a daren 5 ga Yulin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia. 'Ya'yan maƙwabtanmu ne Kiristoci, mun ga iyayensu zaune a bakin titi suna kuka, kuma kukan uwa ba shi da addini. Kafin wannan, a watan Maris na shekarar, an ɗauke ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka shiga Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun, aka kora yara cikin daji, daga baya aka dawo da 137. To wanda ya ga wannan, in aka ce masa a tara yara wuri guda su kwana, dole gabansa ya faɗi.

Washegari da asuba ina karatu sai na biyo ta kan Suratu Yusuf. Na sha karanta ta, na sha fassara ta, amma ranar sai na ga kamar da ni ake. 'Yan uwan Annabi Yusuf (AS) sun zo wa mahaifinsu da irin buƙatar da ɗana ya zo mini da ita: a bar yaro ya fita tare da su, ya ci, ya yi wasa, za su kula da shi. Annabi Ya'aƙub (AS) bai ɓoye tsoronsa ba, ya ce yana jin tsoron kerkeci ya cinye shi in sun shagala. Darasi na farko ke nan: tsoro a kan ɗa ba raunin imani ba ne, ga Annabi nan ya ji shi. Don haka kada wani ya zargi uwar da ta ce ɗanta ba zai je ba.

Amma ku lura da darasi na biyu. Kerkecin bai zo ba. Cutarwar ta fito ne daga hannun waɗanda aka damƙa wa amana. Sai na tambayi kaina: ni da nake ta tunanin 'yan bindiga, na taɓa tambayar wa zai kwana kusa da ɗana? Wa zai raka shi banɗaki da tsakar dare? Wa zai lura in zazzaɓi ya rufe shi? Sau da yawa idonmu na kan daji, alhali abin da ke taɓa yara yana cikin gida, a hannun wanda aka sani, aka yarda da shi, ba a kuma taɓa bincikarsa ba.

Darasi na uku shi ya warware mini. Bayan shekaru, da aka sake neman Annabi Ya'aƙub ya ba da ƙanin Yusuf a tafi da shi Masar, bai kulle yaron a ɗaki ba, duk da abin da ya same shi a baya. Ya karɓi alkawari mai ƙarfi daga 'ya'yansa, ya umarce su kada su shiga birnin ta ƙofa ɗaya, su rarrabu, sannan ya bayyana musu cewa dabararsa ba za ta tare hukuncin Allah ba. Ya yi shiri, ya miƙa lamari. Haka Manzon Allah (SAW) ya karantar da mutumin nan mai raƙumi a hadisin da Tirmizi ya ruwaito: ɗaurewa tukuna, sannan dogaro. Shi kansa a tafiyar Hijira ya yi kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya.

Sai na gane cewa hanawar da na yi ba ɗaure raƙumi ba ce. Hanya ce mafi sauƙi a gare ni. Na ce a'a, na huta da bincike, na huta da rashin barci, yaro kuma ya koma falo ya rungumi wayar mahaifiyarsa. Mu faɗa wa juna gaskiya, jama'a: yaron da aka kulle tsakanin bango huɗu da waya a hannu ba a cikin aminci yake ba, haɗarinsa ne kawai ba ya ƙara. Mu da muka tashi a Kakuri da Makera lokacin da masaƙu ke aiki, a waje muka koyi haƙuri da rabon abinci da tsayawa kan magana. 'Ya'yanmu a ina za su koya?

Fitar da yara su kwana a waje don tarbiyya ba sabon abu ba ne. Baden-Powell ya fara harkar sikawut ne da yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907. A nan gida, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana tara matasa a sansanin hutu na IVC, haka ma 'yan agajin Jama'atu da Fityanu da Izala. Abin da ya bambanta wannan shi ne yaran ƙanana ne, shi ya sa masu shiryawa suka sa sharaɗin kowane yaro ya zo da uba ko uwa ko wani muharraminsa. Wannan layin yana cikin takardar tun farko. Tsoro ne ya hana ni ganinsa.

Na je na sami shugaban matasan na yi masa tambayoyi har sai da ya yi gumi. An sanar da 'yan sanda da mai unguwa? An sanar. 'Yan sintiri za su kwana a ƙofa? Za su kwana. Mata da 'yan mata fa? Ɓangarensu daban, da iyayensu mata. Na ƙara da cewa kada babba ya keɓe da yaron da ba nasa ba ko da na minti ɗaya, kowane yaro da shimfiɗarsa da gidan sauronsa, kuma ba mai zuwa bakin kogi. Suka amince. Na ɗauki tabarmata da tocila na bi ɗana.

A kwana biyun nan na san yarona fiye da yadda na san shi a shekara guda. Ashe bai iya naɗe tabarma ba. Ashe yana tsoron duhu, bai taɓa gaya mini ba. Ashe kuma in aka ba shi cokali ya raba wa 'yan uwansa shinkafa, nasa yake sawa a ƙarshe. Na ga wani maraya da kawunsa ya rufe shagonsa ya zo ya kwana da shi a ƙasa. Na kuma ga yaron da mahaifinsa ya biya kuɗi ya turo shi da ɗan aike, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ya ɗaga kai.

A daren Asabar wani abu ya yi ƙara a titi, muka miƙe gaba ɗaya. Ashe salansar babur ce. Ɗana ya riƙe rigata ya ce, "Abba, kana nan?" Na ce ina nan. Ya koma barcinsa, ni kuwa ban runtsa ba har kiran assalatu.

Ban ce kowa ya tura ɗansa ba, kuma ban ba kowa tabbacin komai ba, tabbaci na Allah ne. Inda wurin yake bayan gari, ko babu katanga, ko masu shiryawa sun kasa amsa tambaya, hanawa ita ce daidai. Abin da nake cewa, musamman ga 'yan uwana iyaye maza, shi ne: kafin ka ce a'a, tambayi kanka ko don yaron ka faɗa ko don kada ka wahala. Kafin ka ce to, tambayi kanka ko ka san hannun da za ka saka shi. In kana da hali, hannun nan ya zama naka.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya dawo da duk yaron da ke hannun azzalumai gida lafiya, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya. Allah Ya sa mu dace.