Haƙuri da faɗar ciwo

Maganin kansar ƙwan mace, carboplatin da paclitaxel, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, galibi duk mako uku. Paclitaxel na iya sa fuska ta ɗau zafi, numfashi ya sarƙe, tun mintocin farko. Zubewar gashi da mutuwar yatsu sai daga baya. Macen Maradi, Tibiri ko Jiratawa, da aka hore ta kan dauriya tun naƙudar fari, takan cije, tana ganin ƙorafi raunin imani ne. Malamai kuwa sun raba abin biyu: fushi da ƙaddara haramun ne, gaya wa likita abin da jiki ke ji neman magani ne. Annabi Ayuba ma ya ambaci cutarsa ga Ubangijinsa. Shirun yana da haɗari, domin da ta yi magana ake hanzarta tsayar da ruwan.