Kuɗin Haya da Tambayar da Ke Jiran Mai Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A daminar 2024 ambaliya ta rushe dubban gidaje a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, har tsohon masallacin Birni na Damagaram bai tsira ba. Iyalai suka fito neman ɗaki a garuruwan da dama can gida yake wuyar samu. A watan Oktoba gwamnati ta rage farashin siminti don sauƙaƙa gini, amma wanda ba shi da fili, ɗakin haya ne kawai mafakarsa. A nan tambaya ta taso: idan masu nema sun yi yawa, shin duk abin da kasuwa ta yarda da shi ya halatta ga mai gida ya karɓa?

A fiƙihu haya halal ce. Malaman Malikiyya sun sharɗanta a san kuɗi, a san lokaci, a kuma yarda da juna. Mai gida ma yana da hujja. Sau da yawa shi tsoho ne da ya bar aiki, ko mace ce da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ɗakuna ukun nan su ne gonarta. Kwano ya yi tsada, gyara ya yi tsada. Ba wanda zai ce ta zauna da yunwa.

Sai dai yarda iri biyu ce. Akwai yardar mai zaɓi, akwai ta wanda kayansa ke tsakar titi, ƴaƴansa na kwana a ajin makaranta. Ƙarin da aka yi saboda an sake rufi ko an jawo ruwa, kuɗin aiki ne. Ƙarin da aka yi don kawai an san ɗan haya ba shi da inda za shi, kuɗin ƙuncinsa ne. Alƙali ba lallai ya iya rarrabe su ba, amma zuciyar mai gida ta san wanne ta karɓa.

Imam Gazali a cikin Ihya'u ya bambanta adalci da ihsani a ciniki: adalci shi ne barin zalunci, ihsani kuwa shi ne rangwame a riba da jinkirta wa wanda ya kasa. Muridi da ihsani aka san shi. Ansaru sun sauki Muhajirai a Madina lokacin da buƙatar masauki ta kai matuƙa, ba su mai da ita kasuwa ba.

Saboda haka zuhudun mai gida ana gane shi ne a ƙarshen wata. Wanda ya zauna sahu ɗaya da ɗan hayarsa a halƙar zikiri da yamma, da safe kuma ya aiko dillali ya ce a ƙara jika goma ko a kwashe kaya, ya kamata ya binciki abin da zikirin ya bari a zuciyarsa. Ɗan haya shi ma amana ce a wuyansa: ya biya a kan lokaci idan yana da hali, ya kula da ɗakin kamar nasa.

Kowa a duniya zaman haya yake yi, Mai gidan kuma zai tambayi yadda aka zauna. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.